Shirun Da Na Yi A Gaban Surukata Ya Sa Za A Yi Wa Mijina Tiyata

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata. Sai da na bi sunayen 'yan guruf ɗin nan na tabbatar babu dangin mijina a ciki sannan na zauna rubutun nan. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan, ina ma cikin masu saurin baki wajen ba da shawara, yau ga shi abin ya zo kaina kuma kaina ya kulle. Shawararku nake roƙo don Allah, kuma da wuri, saboda ranar Lahadin nan za mu tafi Abuja a yi wa maigidana tiyata a kai, ni kuma akwai maganar da na riƙe a cikina wadda in na faɗe ta tafiyar ta fasu. Ku yi haƙuri zan yi tsawo, in ban faro daga farko ba ba za ku gane inda na maƙale ba.

Ni malamar firamare ce, muna zaune a Nassarawa GRA, aurenmu ya haura shekara goma, yaranmu uku. Maigidan yana koyarwa a wata babbar makaranta a nan Kano. Duk wanda ya san shi a da ya san mutum ne na jama'a, mai son magana, mai son gayu, hularsa ma sai ya tsaya gaban madubi ya karya ta yadda yake so kafin ya fita. In ana taron dangi shi ake miƙa wa abin magana, in za a je neman aure shi ake sakawa a gaba. Ban faɗi wannan don in yabi mijina ba, na faɗa ne don ku san irin mutumin da ciwon nan ya kama.

Abin ya fara ne kamar wasa, fatar idonsa na hagu ta ƙasa ta riƙa rawa. Har tsokanarsa nake yi ina cewa wace baƙuwa ce za ka gani haka, shi kuma ya ce gajiya ce da yawan duba takardun ɗalibai. Muka share. Sai rawar ta ƙi tafiya, ta haura saman idon, ta gangaro kunci, daga baya ta kama gefen baki. Yanzu in abin ya motsa, ɓarin fuskarsa na hagu gaba ɗaya sai ya tattare, idon ya rufe ruf, bakin ya fizge sama, ya yi ta harbawa kamar ana jan sa da zare, shi kuma babu yadda zai yi ya tsayar. Ba ya masa zafi, amma wallahi da zafi ne da ya fi masa sauƙi. Kuma ya fi tashi a daidai lokacin da ba a so, in zai yi magana a gaban mutane, ko in ransa ya ɓaci, ko in wani ya zuba masa ido. Ko barci yake yi ina ganin kuncin yana motsi.

Ba zan iya lissafa muku abin da ya gani ba. Wata ɗaliba ta taɓa kai ƙararsa wai yana kashe mata ido a aji, sai da ya zauna gaban kwamiti, mutum da girmansa, yana bayanin fuskarsa, fuskar kuma tana yi a gabansu. An wanke shi, an ba shi haƙuri, amma ya dawo gida ranar kamar an zare masa laka. Bayan nan wasu marasa tarbiyya suka ɗauke shi a waya yana cikin koyarwa, suka ɗora kiɗa a kai daidai da yadda fuskar ke fizga, abin ya yi ta yawo har ya iso wayar ƙanwata. Allah ya isa ban yafe ba, na faɗa na kuma. Tun daga nan ya koma saka takunkumi da baƙin tabarau, mutane sun manta da zamanin korona shi yana nan da abinsa. Ya bar majalisar abokansa. Masallacin layinmu da yake sahun gaba ya daina zuwa, sai ya ɗau mota ya tafi can Badawa inda ba a san shi ba. Abinci ma ya daina ci da yara, saboda wata rana shayi ya zubo masa ta gefen baki, ƙaramar ta yi dariya, yarinya ce ba ta san komai ba. Ranar saukar babbar 'yarmu ya ƙi tsayawa a hoto, ya ce shi zai ɗauka.

Magani kuwa babu irin wanda ba mu yi ba. Wasu suka ce iska ce ta buge shi, wasu suka ce kambun baka ne, wasu suka ce sammu ne daga wurin aiki. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi har labulen ɗakinmu ya canja kala. A asibiti suka fara ba shi ƙwayoyi, suka riƙa sa shi barci a ofis. Sai aka koma wata allura da ake yi masa a fuskar, tana kwantar da abin na 'yan watanni, da farko mun yi murna sosai, amma in an yi ta bakin sai ya saki ya karkace kamar mai shanyewar ɓarin jiki, in ta sake shi kuma fizgar ta dawo sabuwa. Ta baya-bayan nan ma ba ta wani jima ba. Ya ce shi ya gaji da zaɓe tsakanin karkataccen baki da baki mai rawa.

To ga inda matsalar take. Maigidana kunnensa na dama ba ya ji, ko kaɗan. Tun yana yaro ya yi ciwon kunne mai zubar da ruwa, aka yi ta ɗiga masa na gargajiya ba a kai shi asibiti ba, kunnen ya mutu. Ya iya ɓoye abin nan fiye da tunaninku, ƙannensa da suka tashi ɗaki ɗaya ma ba su sani ba. Ni kaina farkon aurenmu na sha kuka a kan wai yana share ni, sai da ya ga abin zai zama rigima ya zaunar da ni ya gaya min, ya ce amana ce. Shi ya sa kullum ta hagunsa nake zama, ta hagunsa nake tafiya. A mota in muna son hira kujerar baya nake komawa in zauna a bayansa, ƙawayena har tsiya suke min wai na mayar da miji direba, ina dariya ina cewa ai sarautar ce ta motsa. Duk duniya daga ni sai mahaifiyarsa muka san zancen, ita ma ban taɓa jin ta ɗauko shi ba.

Watannin baya aka haɗa mu da wani likitan ƙwaƙwalwa da ke zuwa Kano daga Abuja lokaci-lokaci. Ya sa aka yi hoton kai, ya nuna mana a kwamfuta, ya ce ba iska ba ce ba kowa ba ne, wata jijiyar jini ce ta kwanta a kan jijiyar da ke motsa fuska, duk bugun da ta yi sai ta taɓa ta. Ya ce akwai aikin da ake yi, a aske bayan kunne, a buɗe ƙashin kai kaɗan, a ɗaga jijiyar jinin a sa wani ɗan abu mai laushi a tsakaninsu, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa suna rabuwa da ciwon gaba ɗaya. Jama'a ku ga fuskar bawan Allahn nan a lokacin, rabon da in ga haske a idonsa haka har na manta. Sai likitan ya ce amma kafin komai sai an yi gwajin ji. Ina jin haka na juya na kalli maigidan.

Da sakamakon ya fito likitan ya daɗe yana kallon takardar. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce jijiyar ji maƙociyar wadda za a yi aikin a kanta ce, manne suke, kuma a cikin waɗanda ake yi wa aikin akwai kaɗan da jin wannan ɓangaren yake raguwa ko ya tafi duka, in kuma ta nan ya tafi, na'urar da ake saƙalawa a kunne ba lallai ta yi amfani ba. Ya ce mai kunne biyu in hakan ta faru yana da na jingina, amma shi ciwon yana hagu, kunnen da ya rage masa ma na hagu ne. Ya ce suna da na'urar da ke lura da ji ana cikin aikin, za su yi iya ƙoƙarinsu, amma ba zai ɗaukar mana alkawarin da ba nasa ba. Har ya ce da ɗan uwansa ne zai ce ya ƙara haƙuri da allurar, sai dai jikinsa ne, shi ke da ta cewa. Bai rufe baki ba maigidan ya ce a sa masa rana.

Mun yi rigima a kan wannan ba sau ɗaya ba. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi na daina magana, na dawo na kuma lallashi. Na ce masa ni fuskar ba ta dame ni ba, a haka nake son abina, ya ce ai ba ni nake yawo da ita ba. Na ce ka tuna aikinka da kunne kake yin sa, in ɗalibi ya yi tambaya fa, in yaranka suka kira ka fa, kiran salla fa? Ya ce yanzu ma ai ba aikin yake yi ba, ɓuya yake yi, kuma likita ya ce kaɗan ne abin ke samu, me ya sa na ƙi kallon masu yawan sai kaɗan ɗin. Na ce saboda in ka faɗa cikin kaɗan ɗin babu dawowa. Da na ga ba zan iya da shi ba sai na kwantar da raina da abu ɗaya, na san ba zai taɓa yarda a sa masa wuƙa ba sai da izinin Hajiya mahaifiyarsa, mutum ne da ko tafiyar kwana ɗaya ba ya yi sai ya je Tudun Wada ya sallame ta. Na ce a raina Hajiya na jin an ce aikin zai iya taɓa jinsa za ta ce a'a, shi ke nan an huta.

Sai na ɗan yi muku bayanin Hajiya. Maigidana shi ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta tambayarsa ya jiki, in ya gaishe ta amsawa take tana kallon wani wajen, in tana son sanin wani abu a kansa sai ta zagaya ta tambayi wani. Duk shekarun da ya yi da ciwon fuskar nan ban taɓa jin ta ce masa sannu ba, sai dai a aiko da rubutu a jarka a ce in ba mai shi. Wata gwaggonsu ce ta taɓa gaya min cewa lokacin da ya yi ciwon kunnen yana yaro, Hajiya tana ji yana kuka a ɗakin kakarsa amma kunya ta hana ta cewa a kai shi asibiti, kada a ce ta damu da ɗan fari, sai dai ta shiga bayan ɗaki ta yi nata kukan. Gwaggon ba ta san kunnen ya mutu ba, labarin kunya kawai take ba ni tana yabon Hajiya.

Ni kuma nawa ɓangaren, duk surutun nan nawa da ya sa ake ce min rediyo a makarantarmu, in na shiga gaban Hajiya ɗif nake ɗaukewa. Haka aka tarbiyyantar da mu a gidanmu, suruka ba a haɗa ido da ita, ba a ci a gabanta, ba a jan zance. Tun da aka kawo ni gidan nan maganata da ita ba ta wuce ina kwana, an tashi lafiya, to Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ita kuma wannan ne ya sa take ji da ni, har misali take yi da ni a cikin matan ƙannensa.

Ranar Asabar da ta wuce muka je neman izinin. Muka tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma tana gyaran zogale. Bayan gaisuwa ya fara bayani, ni ina gefe a durƙushe ina jira in ji ya ambaci haɗarin rasa jin. Sai na ji yana cewa an samu maganin abin, ɗan ƙaramin aiki ne za a yi a bayan kunne, a gyara wata jijiya, 'yan kwanaki kaɗan an sallamo shi. Ko kalmar ƙashin kai bai furta ba, balle abin da likita ya ce. Hajiya ba ta ɗago ba, hannunta dai ya tsaya a cikin tiren. Can sai ta juyo wajena, ba wajensa ba, ta ce, "Ke kina wurin likitan ya yi bayani?"

Na ce, "E, Hajiya."

Ta ce, "Yadda aka faɗa ɗin nan haka yake?"

Jama'a wallahi tallahi na buɗe baki. Amma ta yaya zan ƙaryata mijina a gaban mahaifiyarsa, ni da ban taɓa haɗa jimla biyu a gabanta ba? Na ji idonsa a kaina, na ga kuncin nan yana ta harbawa ta saman takunkumi. Sai kawai na sunkuyar da kai na kama gefen mayafina ina murzawa, yadda na saba yi duk lokacin da ta yi min magana. Ta ɗan jira, sannan ta ce, "To tunda ke ma kin gamsu, Allah ya sa a yi a sa'a. Na san da da wani abu ba za ki bari ba." Ta ci gaba da gyaran zogalenta, ta yi ta sa mana albarka har muka fito.

A mota ranar a kujerar gaba na zauna, don ban ma son hirar, amma muna kaiwa danja na kasa riƙewa na fashe. Kuma dole in ɗaga murya tunda ta kunnen daman nake, har masu adaidaita suna leƙo mu. Na ce ya ci amanar Hajiya kuma ya sa ni a ciki, ya mayar da kunyata abin aikinsa, don ya san sarai ba zan iya magana ba shi ya sa ya ce lallai sai na raka shi. Bai musa ba. Cewa ya yi shi bai yi ƙarya ba, aikin a bayan kunne ne, kuma uwa tsohuwa mai hawan jini ba komai ake gaya mata ba. Da muka iso gida ya kashe mota ya daɗe bai fita ba, sannan ya ce min, a hankali ba da faɗa ba, in na ga dama in je in gaya mata, ba zai hana ni ba, kuma in ta ce a fasa zai fasa, don bai taɓa tsallake maganarta ba ba kuma zai fara yanzu ba. Amma in sani cewa ni na zaɓa masa wannan fuskar har ya mutu, kuma duk safiyar da ya kalli madubi zai tuna. Wallahi da saki ya yi min barazana da shi da ya fi min sauƙi, don wannan na san yadda ake kai ƙara a sasanta.

Tun ranar ban da sukuni. Abinci ba ya shiga, a aji sai in tsaya da alli a hannu na manta abin da nake rubutawa. Ba zan iya gaya wa Ummana ba, Islamiyyarsu ɗaya da Hajiya, kafin magariba zance ya isa Tudun Wada. Mutum ɗaya na gaya wa, wata abokiyar aikina 'yar Zariya, Kirista ce, mun shaƙu sosai, ita ma ban ce mijina ne ba, na ce wata 'yar uwata ce. Ta kalle ni ta ce, malama, 'yar uwar taki da ta rame haka cikin sati ɗaya? Ta ce ita a ganinta mutumin ba yaro ba ne, likita ya gaya masa gaskiya da kunnensa ya ji, kan nasa ne, ba na uwarsa ba ba na matarsa ba. Na ce ke ba za ki gane ba, izinin uwa a wurinmu ba sallama ba ce kawai, shi kansa da albarkar yake taƙama zai shiga ɗakin tiyatar, to albarkar da aka karɓo da rabin magana fa? Ta ce wannan kuma sai malamanku.

Kuma don kada in yi muku ƙarya, ni kaina ban yarda da zuciyata ba. Wani lokacin sai in ce gaskiya nake son faɗa don Allah, don kada in ci amanar tsohuwar da ta yarda da ni. Wani lokacin kuma sai in ga kawai so nake in yi amfani da Hajiya in hana abin da na kasa hanawa da bakina, in ɗaure shi ta inda na san ba zai iya kuncewa ba. In kuwa haka ne, me ya raba ni da shi da ya yi amfani da kunyata? Sannan ina son mijina ya dawo, ba zan ɓoye ba. Ina son in ga ya zauna cin tuwo da yaransa, ya karya hularsa ya fita ba takunkumi. Mai yiwuwa a yi aikin lafiya lau ya tashi da fuskarsa da kunnensa, likita ma ya ce hakan ya fi yawa. In na hana, na hana shi wannan, kuma ba za mu taɓa sanin da ya dace ba.

Na ɗauka shi ko a jikinsa, sai shekaranjiya da la'asar. Yara sun tafi Islamiyya, ina ninke masa kayan da zai tafi da su, ya shigo ya zauna a bakin gado. Ya ce yana son ya roƙe ni wani abu kada in yi dariya. Ya ce in kira sunansa. Ni tun da muka yi aure ban taɓa kiran sunansa ba, Abban wance nake cewa kamar kowa. Na ce wane irin zance ne wannan kuma da rana tsaka? Ya juyo min da kunnen hagun, ya ce, "Ki faɗa dai, ina son in san yadda yake a bakinki." Na faɗa. Ya ce in ƙara. Na ƙara. Ya gyaɗa kai ya tashi ya fita, ni kuma na kifa kaina a kan akwatin na yi kuka mai isata. Ashe ya san abin da yake shirin yi, tsoron yana nan, ya dai zaɓa ne.

Abin da ya sa na kasa haƙura na rubuto muku shi ne na yau. Da hantsi ina makaranta aka ce ina da baƙuwa a bakin get. Na fito na ga Hajiya a cikin adaidaita, ita kaɗai, matar da ko gidanmu sai a yi shekara ba ta taka ba. Na durƙusa a nan bakin titi ina gaishe ta, ta ce in tashi in shigo. Ta miƙo min gorar zamzam da ƙullin dabino ta ce a tafi da su. Sannan ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba, tana kallon bayan kujerar direba ta ce, "Ni ba zan iya tambayarsa ba, kin sani. Na ji an ce bayan kunne, tun ranar ban runtsa ba. Ɗayan kunnen a hannuna ya lalace, ina ji ina gani na yi shiru. In kun je can kika ji an ce akwai abin da zai taɓa wanda ya rage, ko da an riga an sa masa rigar asibiti, ki ce na ce a fasa, ki ɗauko min shi ku dawo. Ke ce idona, ke ce kunnena. Kin ji?"

Na ce, "To, Hajiya."

Abin da ya fito daga bakina ke nan, to Hajiya. Ta sake ni, ta ce Allah ya yi min albarka ya ba ni masu yi min, adaidaita ta ja, na tsaya a bakin get da gorar zamzam a hannu har mai gadi ya tambaye ni ko lafiya.

Yanzu ku gaya min don Allah. Ta ce in na ji a can, ni kuma na riga na ji tun a nan. In tashi gobe in je Tudun Wada in cire kunyar nan in gaya mata komai, ta hana, in zauna da mutumin da zai riƙa ganina a matsayin wadda ta rufe masa ƙofa ɗaya da ya samu? Ko in koma wurinsa in ce ga abin da mahaifiyarka ta zo ta ce, alhali na san daga ya ji saƙon ya zama umarni, ya fasa, kuma dai ni ce? Ko in ja bakina in bi shi Abuja in zauna a ƙofar ɗakin tiyata ina addu'a? Masu ilimin addini a cikinku ku gaya min wanne ne ya fi nauyi a kaina, sirrin miji ko saƙon uwa. In akwai wanda aka taɓa yi wa irin wannan aikin ko ɗan uwansa, don Allah ya yi magana ko da ta wurin admin ne. Kada ku ce min in yi istihara kawai, ina yi, kuma kada ku zage shi, bai cancanta ba.

Abin da ke hana ni numfashi shi ne, in aka fito da shi ya farfaɗo, na matsa ta hagunsa na yi masa sannu ya bi bakina da kallo bai ji ba, ni ce zan ɗauki waya in kira matar nan, kuma tambayar farko da za ta yi min ita ce ko na sani.